Rijiyar Man Alhaji Fakhruddeen

Duk wanda ya san Alhaji Fakhruddeen a unguwar Magajiya da ke Suleja, da tsinken sakace ya san shi. Da an idar da sallar magariba zai shiga gida, ya ɗan jima, sannan ya fito da tsinke a gefen baki yana juya shi a hankali, kamar mai fama da jijiyar naman sa da ta maƙale. Zai tsaya a ƙofar gida ya yi gyatsa mai kyau, irin wadda ake ji har bakin kwata, kana ya taka zuwa majalisa. Abin da ya ci kuwa tuwon masara ne da miyar kuka, kukar da rabonta da ganin mai tun kafin damina ta sauka.

Ba haka aka fara ba. Shekara da shekaru Alhaji yana bin motar safe zuwa Abuja, inda yake aiki a wata ma'aikata, yana ɗaukar fayil daga wannan tebur ya ajiye a wancan. A wancan zamani ana suya a gidansa har maƙwabta su rufe taga don kada yaransu su yi rigima. Da ya yi ritaya, sai fansho ya zama baƙon da kullum yake cewa yana hanya. Nama ne ya fara fita daga tukunyar matarsa, Hajiya Azumi. Kifi ya bi shi. Mai ya ɗan daure, daga baya shi ma ya yi sallama.

Magidantan layinsu suna da al'adar ciyayya. Bayan magariba kowa zai fito da kwanonsa daga gida, a haɗu a rumfar Lukuman mai faci, a zauna a tabarma a ci na wannan a ci na wancan. Rumfar ba ta da fitila, kuma babu wanda ya taɓa kawo shawarar a sa mata. Alhaji ya daɗe yana cikin wannan ciyayya, har ma kwanonsa ne ake fara buɗewa. Ranar da ya ga miyarsa ta koma fara fat, sai ya sanar da jama'a cewa likita ya hana shi cin abinci a waje saboda iska. Tun daga nan yake ci a ɗaki, ya fito musu da tsinke da gyatsa.

Akwai mai a gidan, sai dai ba na ci ba ne. Jarka ce guda a ƙarƙashin gadon Azumi. 'Yarsu Khadija, da ke aure a Garam, tana da cikin fari, kuma gida za ta dawo ta haihu. Azumi kitso take yi, to duk abin da ta samu sai ta sayi kwalbar man gyada ta juye a jarkar, don ranar suna kada dangin miji su zo su tarar da waina ba mai. Ko ƙamshinsa ba ta yarda a shaƙa da yawa.

Ana nan sai Comfort ta dawo. Comfort 'yar Malam Ayuba ce, maƙwabcinsu tsohon malamin firamare, kuma a gaban Azumi ta girma, a tsakanin gwiwoyinta take kuka idan ana mata kitson Kirsimeti. Ta tafi jami'a ta daɗe, ta dawo da wani bincike da mahaifinta ya yi ta kame-kame kafin ya iya faɗarsa a majalisa. Wai man dizal take haɗawa daga dagwalon sokawe, wato ramin masai.

Ita ba ta jin nauyin bayani. Ta ce duk maiƙon da aka wanke daga tukunya, da duk wanda ciki bai gama da shi ba, ramin sokawe yake tafiya, ya taso sama ya daskare. Shi take kwashewa ta tace, ta dafa shi da soda irin ta masu sabulu da wani sinadari mai warin ogogoro, ta bar shi ya kwanta. Abin da ya taso sama inji zai sha ya tashi. Ruwan da ya rage kuma tana zuba shi a wasu kududdufai da ta haƙa a Maje, a gefen wata gona da masu gini ba su kai ga haɗiyewa ba. Can take kiwon gansakuka, koriyar nan da ke rufe ruwa, don ita ma wai akwai mai a jikinta.

Lukuman ya ce bai taɓa jin inda mutum ya ƙare ƙarfinsa a kan karatun 'ya, ta je ta dawo ta zarce bayan gida ba. Malam Ayuba ya ce ai gara ita, ta gano abu guda da mutanen Suleja ke samarwa kullum ba tare da sun shiga motar Abuja ba. Alhaji Fakhruddeen ya yi dariya tare da kowa, ya gyara zaman tsinkensa. A lokacin bai ga inda zancen ya shafe shi ba.

Inda ya shafe shi shi ne Dogara. Dogara ke tuƙa motar zuƙar sokawe, kuma da shi Comfort ta shirya: duk gidan da ya yarda, a kwashe masa kyauta, ita ta ɗauki kayan. Wa zai ƙi? Sai dai Dogara mutum ne da aikinsa ya hana mutane zama kusa da shi, shi ya sa idan ya sami mai sauraro ba ya saki. Gidan Onwuka mai sayar da kayan gyaran mota aka fara. Kafin motar ta fita daga layin kowa ya ji cewa maiƙon da ke saman ramin Onwuka ya kai kaurin tafin hannu. Dogara ya ce mutumin nan ba abinci yake ci ba, biki yake yi kullum bai gayyaci kowa ba.

Gida na biyu na wani tsohon ɗan takara ne, mai manyan riguna da turare. Dogara ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, ya ɗago ya ce ruwa ne zalla, ko sauro ya sha ba zai ƙoshi ba. Mutumin ya koma yin sallah a masallacin wata unguwa.

Abin mamaki, daga wannan rana duk gidan da aka buɗe a layin sai a sami mai. Gidan Lukuman an samu. Gidan ladan an samu. Hatta gidan Malam Ayuba, wanda takalminsa ya sha faci har ya manta asalin launinsa, Dogara ya ce ba laifi, akwai albarka. Alhaji yana zaune yana jin wannan lissafi. Ashe duk layin nan ana ci, shi kaɗai ne yake sakace iska.

Ga shi kuma raminsa ya cika. Ruwan sama ya ƙara masa, har ya fara gaisawa da mutane tun daga zaure. Azumi ta yi magana har ta gaji. Ta ce ba za ta kawo mai jego gidan da ƙuda ke yi wa zarya ba. Wata safiya sai ga Comfort ta shigo, ta durƙusa ta gaishe su, ta ce ranar Alhamis Dogara zai zo.

Alhaji ya yi ƙoƙari. Ya ce abin cikin gida sirri ne, ba a buɗe shi gaban jama'a. Ya ce yana da wani abokin aiki a Abuja da ya yi masa alkawarin mota ta musamman. Ya ce Alhamis ba ranar buɗe rami ba ce, ya taɓa ji a wani wa'azi. Azumi ta dube shi, ta dubi Comfort, ta ce su zo da wuri kafin rana ta yi zafi.

Kwanakin da suka biyo baya Alhaji bai iya zaman majalisa da kyau ba. Idan Lukuman ya yi dariya sai ya ga kamar da shi yake. Ya riƙa hango Dogara tsaye a kan raminsa yana girgiza kai, yana neman kalmar da za ta fi ta sauro zafi. Mutum yana iya gyara fuska, ya guge riga, ya koyi gyatsa. Amma rami ba ya karɓar roƙo. Duk abin da aka ba shi cikin shekarun nan yana nan ya adana, kuma ranar Alhamis zai ba da shaida.

Ran Laraba Azumi ta tafi Garam duba Khadija. Bayan azahar, layi ya yi tsit, Alhaji ya rufe ƙofar zaure ya sa sakata. Ya shiga ɗakinta ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya jawo jarkar. Ta yi nauyi fiye da yadda ya zata. Ya rungume ta kamar jariri ya zagaya bayan gida, ya ture ɗan murfin simintin da ƙafa. Warin da ya taso ya sa idonsa ruwa.

Ya buɗe baki zai yi bisimilla, sai ya tuna inda yake, ya karanta addu'ar shiga banɗaki a maimakonta.

Niyyarsa ya zuba kaɗan, daidai yadda za a ce gidan ba a kwana da yunwa. Ya zuba, ya leƙa, duhu ya haɗiye. Ya ƙara. Sai ya tuna Malam Ayuba da takalminsa. Ai ba zai yiwu a ajiye shi sahu ɗaya da malamin firamare ba. Ya ƙara. Ya tuna Lukuman, mai faci, wanda a da shi yake lashe gindin kwanonsa. Jarkar ta kai rabi. Ya tsaya yana haki, sai Onwuka ya faɗo masa a rai, da kaurin tafin hannunsa. Da ya dawo hayyacinsa jarkar tana ɗiga ɗigon ƙarshe.

Ya ɗan tsaya da ita a hannu, ba nauyi. Sannan ya je randa ya cika ta da ruwa, ya ɗaure bakin da ledar da Azumi ke ɗaurewa, ya mayar ƙarƙashin gado daidai kan shatinta. Ya gaya wa kansa cewa kafin Khadija ta haihu fansho zai iso. Ya wanke hannu da sabulu har sau ba adadi, amma da la'asar a masallaci sai ya riƙa jin ƙamshin gyada a yatsunsa.

Da safe motar Dogara ta shigo da baya tana tari. Aka ja mesa, aka ɗaga babban murfi. Rana ta faɗa cikin ramin. Dogara ya leƙa, kuma karon farko tun da aka san shi, bai ce komai ba. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Saman ramin yana sheƙi, ruwan zinariya daga wannan kusurwa zuwa waccan, har mutum yana iya ganin fuskarsa.

"Alhaji," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "wannan ba sokawe ba ce. Rijiyar mai ce. Gwamnati ta sani?"

Alhaji ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ya ce ɗan abin da Allah Ya hore ne. Dogara ya fita titi ya kira mutane. Suka shigo suna toshe hanci suna leƙawa, suna fita suna jinjina kai. Onwuka da kansa ya zo, ya duba, ya miƙa wa Alhaji hannu biyu. Comfort ce kawai ba ta yi murna ba. Ta zura kwalba da igiya ta ɗebo, ta ɗaga ta saitin rana, ta karkata ta. Ta dubi Alhaji ta cikin kwalbar. Sai ta rufe ta sa a jaka, ta ce wa Dogara ya kwashe saman daban.

Kafin azahar an sa masa suna Mai Rijiya. Azumi ta dawo daga Garam tun a bakin layi mata ke tare ta suna cewa ashe haka take, tana fama da kitso kamar mai nema alhali gidanta ana wanka da mai. Ta shigo tana mamaki. Ta ce ko dai Dogara ya fara shaye-shaye, ko kuwa tsohon arzikin zamanin Abuja ne ya taso daga ƙasa. Alhaji ya ce shi ma abin da ya yi tunani ke nan.

Daren ranar ya je majalisa da sabon tsinke. An matsa masa wuri a tsakiyar benci. Ya sha kirari har ya fara jin cewa da gaske ne, ya soma ba da shawara kan yadda ake zaɓen naman cinya. Sai Lukuman ya gyara murya. Ya ce shi dai abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Duk tsawon lokacin nan suna tausayin Alhaji, suna cewa likita ya takura masa, ashe likitan cewa ya yi ya rufe ƙofa ya cinye shi kaɗai. Ya ce tunda iska ce ke damunsa, su za su zo inda babu iska. Ranar Asabar ciyayya a zauren Alhaji za a yi, kuma kwanonsa za a fara buɗewa kamar da.

Kowa ya ce wannan magana ta yi. Alhaji ya ce madalla, tsinken ya karye a bakinsa.

Washegari da hantsi Comfort ta same shi a zaure shi kaɗai. Ta gaishe shi har ƙasa, ta zauna a bakin dakali, ta fito da kwalbar nan ta ajiye tsakaninsu. Ta ce ta yi shekaru tana duba maiƙon sokawe. Baƙi ne, mai kauri, mai ɗoyi, ya sha wuya kafin ya iso. Wannan kuwa ko wuta bai taɓa gani ba.

"Baba, na Mama ne?"

Alhaji ya ce zamanin da yake Abuja yara ba sa yi wa manya irin wannan tambaya. Comfort ta ce haka ne. Ta ce ba za ta iya sa gidansa a bincikenta ba, don malamanta za su ce ta yi ƙarya, amma ba za ta faɗa wa kowa ba, kamar yadda ba ta faɗi na kowa ba. Alhaji hankalinsa yana kan Asabar, bai tsaya ya auna ƙarshen maganar ba. Ta ƙara da cewa man dai ya yi kyau, bai ba ta wahala ba ko kaɗan, kuma tunda daga gidansa ya fito, a gidansa ya kamata a fara gwada shi. Za ta kawo ɗan janareta ranar Asabar ta haska musu zaure. Alhaji ya ga wannan ƙarin girma ne, ya sa mata albarka.

Sai ranar Asabar da la'asar ya iya gaya wa Azumi cewa baƙi za su zo. Ya faɗa yana kallon bango. Ta ci gaba da tsince kuka, sannan ta ajiye faifan. Ta ce shekara nawa suna tare bai taɓa barin ta ta ji kunya ba lokacin da yake da shi, ita ma ba za ta bari a buɗe kwanonsa a yi dariya ba. Za ta ɗebi ludayi biyu daga man Khadija. Kafin haihuwa ta mayar.

Alhaji ya ce a'a, a'a, kada a taɓa na yarinya. Ta ce ai ita ta tara. Ya ce likita ya hana shi mai. Ta ce wannan likitan a majalisa yake aiki, ba ya shigowa cikin gida. Ta shige ɗaki.

Ya ji jan jarkar a siminti. Ya ji ƙarar leda. Sai shiru, shiru mai tsawo, har ya fara tunanin ko ya tafi masallaci tun yanzu ya jira magariba.

"Alhaji," ta kira shi, muryarta lafiya lau. "Zo ka ga ikon Allah."

Ya leƙa. Tana zaune a bakin gado da ludayi a hannu, cike da ruwa garau, wasu 'yan idanun mai suna yawo a kai. Ta dube shi, ta dubi wajen bayan gida, ta sake dubansa. Ya ga lokacin da lissafin ya haɗu a fuskarta. Ya fara bayani kan mutunci, da Dogara, da yadda duniya ta lalace. Ba ta katse shi ba. Da ya ƙare ta ce ta ji. Ta ce kai nawa ta kitsa, har yatsunta ba sa miƙewa da safe, ashe masai take yi wa tanadi. Ta ce babbar rigarsa shuɗiya ta zamanin Abuja, wadda yake ajiya don ranar suna, gobe dillaliya za ta zo ta ɗauka, kuma idan ba ta cika jarka ba hular ma ta bi ta.

Sannan ta ɗauki jarkar ta fita madafa. Ya tambaye ta ina za ta kai. Ta ce miya za ta yi masa da ruwan, tunda shi ya bar mata.

Bayan magariba suka iso, kowa da kwanonsa a rufe. Lukuman ne a gaba, sai ladan, sai Malam Ayuba, da wasu biyu da suka daɗe da barin ciyayya amma labarin rijiya ya dawo da su. Aka shimfiɗa tabarma. Zauren da duhu-duhu, an ɗauke wuta tun rana, kuma Alhaji ya fara jin ɗan sanyi a ransa: a wannan duhu wa zai bambance kuka da miyar agushi sai ya kai baki? In ya kai baki kuma sai a ce gishiri ne ya yi kaɗan. Aka turo kwanonsa daga cikin gida, aka ajiye a tsakiya. Lukuman ya naɗe hannun riga ya ɗaga murfin.

A daidai nan janareta ya yi tari a waje, ya kama. Ƙwan lantarkin da Comfort ta rataya a saman ƙofa tun da rana, wanda Alhaji ya manta da shi sarai, ya kawo haske fari tas. Wani ƙamshi ya biyo iska ya shigo, kamar ana suyar ƙosai a nesa.

Miyar Alhaji ta bayyana a tsakiyar tabarma. Kuka ce, kore-kore, tsinkakkiya, mutum yana hango gindin kwano ta cikinta. Ido ɗaya na mai ne a kai, ɗan ƙarami, yana zagaye shi kaɗai kamar wanda ya ɓata hanya.

Alhaji ya rufe ido yana jiran dariyar Lukuman. Ba ta zo ba. Ya buɗe ido ɗaya. Lukuman ba kwanon Alhaji yake kallo ba. Nasa yake ƙoƙarin turawa bayansa da gwiwar hannu, amma murfin ya riga ya zame. Kuɓewa ce busasshiya, ba ta sheƙi ko kaɗan. Ladan ya ɗora hularsa a kan nasa. Malam Ayuba, da yake malami ne, ya buɗe nasa gaba ɗaya ya tura tsakiya: karkashi ne da ruwa da tawakkali. Aka bi kwanukan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk gidajen da Dogara ya yi wa kirari a makonnin nan, ban da na Onwuka, suna nan a tabarma, kuma ɗan idon man da ke yawo a miyar Alhaji shi ne kaɗai mai a wurin.

Comfort ta leƙo daga ƙofa tana goge hannu, ta tambaya ko hasken ya yi. Ta dubi kwanukan, ta dubi mahaifinta, ya ɗauke kai yana nazarin rufin zaure.

Lukuman ne ya fara samun murya. Ya ce shi fa yana da tambaya ta addini. Wannan wuta, an san daga inda ta fito. Shin ya halatta Musulmi ya ci abinci a ƙarƙashinta? Ladan ya karɓe da sauri ya ce lallai akwai saɓanin malamai, kuma inda aka sami saɓani barin abu ya fi. Malam Ayuba ya ce su ma a nasu ɓangaren bai ga inda aka yarda ba.

"Kashe, 'yar nan," in ji Alhaji. "Tana tara ƙwari."

Daga bayan labule muryar Azumi ta fito. Ta ce Comfort ta kashe ɗin, amma ta adana mata sauran man, ko ɗigo kada ta ba wani. Tunda jikanta ba zai ci wainar man ba, ranar suna ya ga haskensa.

Janareta ya yi shiru. Duhu ya dawo, kowa ya sauke numfashi. Aka ji hannuwa suna shiga kwanuka. Wani ya ce kukar nan ta Hajiya ta yi daɗi, akwai hannu. Alhaji ya ce karkashin Malam ma ba baya ba. Suka ci har suka suɗe, aka zagaya da butar wanke hannu.

Alhaji ya jingina da bango. Hannunsa da kansa ya tafi aljihu ya zaro tsinke, ya kai baki kafin ya tuna babu sauran wanda zai yi wa. Ya yi niyyar cirewa, sai ya ji an taɓa gwiwarsa a duhu.

"Mai Rijiya," in ji Lukuman a hankali, "akwai saura?"

Akwai. Alhaji ya raba musu ɗaya-ɗaya, suka zauna a jere a bakin zaure suna sakace, masu wucewa suna gaishe su da ladabi.